Sao Tome ko Seshel: ina mai kallon tsuntsaye zai kai kuɗinsa?

Wanda ya taɓa zama a bakin fadamar Dagona da sanyin safiyar hunturu, yana kallon agwagin ruwan da suka ƙetaro Sahara daga Turai, ya san daɗin wannan sha'awa ko da mutanen gida na yi masa dariya. Sai dai tsuntsayen Dagona baƙi ne, na kowa ne, wanda ka gani yau a Yobe wani ya gan shi a Jamus watanni uku da suka wuce. Akwai wani kallon da ba a samunsa sai a tsibiri mai nisa, inda za ka tsaya gaban tsuntsun da duk faɗin duniya babu irinsa sai a kan ɗan tudun nan da teku ta kewaye. Ƙananan ƙasashe biyu na Afirka sun yi suna a wannan fanni: Sao Tome da Firinsipe a yamma, cikin mashigin tekun Gini, da kuma Seshel a gabas, cikin tekun Indiya, wadda za ka ga an rubuta Seychelles a jikin tikitin jirgi. A hoto kamar Hassan da Usaini suke, ga rairayi, ga itatuwan kwakwa, ga ruwa shuɗi. A ƙasa kuwa tafiya biyu ce daban, kuma wanda ya zaɓi wadda ba ta dace da jikinsa da aljihunsa ba zai dawo yana cizon yatsa.

Bari mu fara da lissafin da masu wannan harka suka fi damuwa da shi. Sao Tome da Firinsipe, duka faɗinsu kusan murabba'in kilomita 1,000 ne, amma suna da nau'in tsuntsaye kusan 28 da ba a samu a ko'ina sai can. Tsibiran tsakiya na Seshel, waɗanda ɗan yawon buɗe ido ke iya kaiwa, suna da 12. In lissafi ne kawai, an gama magana. To amma 12 ɗin Seshel kusan duka za ka gan su cikin mako guda ba tare da takalminka ya taɓa taɓo ba, alhali a cikin 28 ɗin Sao Tome akwai huɗu ko biyar da sai ka kwana a tanti cikin daji, kuma kana iya kwanan ka dawo ba ka sa su a ido ba.

Dalilin wannan bambanci yana cikin tarihin wuraren. Sao Tome da Firinsipe duwatsu ne masu aman wuta da suka ɓullo daga ƙarƙashin teku, a kan layi ɗaya da dutsen Kamaru, layin da ya miƙe har tsaunukan Adamawa da tudun Biu. Ba su taɓa haɗuwa da babban yankin Afirka ba, kuma babu mutum a cikinsu sai da Turawan Fotugal suka iso wajajen 1470. Duk tsuntsun da iska ta jefa can sai ya zauna ya hayayyafa shi kaɗai, jikokinsa suka sauya kama a hankali. Turawa sun sare daji da yawa don noman rake, daga baya kofi da koko, har a farkon ƙarni na 20 ƙasar ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da koko. Amma kudu maso yammacin tsibirin ya gagare su, saboda tsananin gangara da ruwan sama da kan kai milimita 7,000 a shekara a wasu wuraren. Dajin da ya tsira a can shi ne aka mayar gandun Obô a 2006, kuma a cikinsa tsuntsayen da suka fi wuyar gani suke ɓoye.

A Seshel labarin ya fi muni, kuma munin nasa ne ya sa yau kallon ya yi sauƙi. Faransawa sun zauna can a 1770. Tsibiran ƙanana ne, ba su da inda daji zai ɓuya, sai aka share su aka dasa kwakwa, ɓeraye da kyanwoyi kuma suka sauko daga jiragen ruwa suka cinye ƙwai da 'ya'yan tsuntsaye. Wani ɗan tsuntsu mai launin ƙasa-ƙasa da mutanen wurin ke kira timerl dezil ya ragu har bai kai 30 ba, duka a tsibiri ɗaya mai suna Cousin. A 1968 ƙungiyar da yau ake kira BirdLife International ta sayi tsibirin ɗungurungum saboda shi, aka bar itatuwan asali suka sake tsirowa a madadin kwakwa. Da ya yi yawa sai aka riƙa ɗibarsa ana kai wa wasu tsibiran: Aride a 1988, Cousine a 1990, Denis a 2004, Frégate a 2011. Yanzu ana maganar dubbai. Haka aka yi da pi santez, wani baƙin tsuntsu mai farin tabo a fiffike, wanda ya taɓa komawa ƙasa da 25 a tsibirin Frégate kaɗai, yau kuma ya kai ɗaruruwa. Tsuntsayen da suka tashi a wurin da babu ɓera, babu kyanwa, babu yaro mai danƙo, ba su san tsoron mutum ba. A Cousin pi santez yakan biyo mai yi maka jagora a ƙasa, yana jiran ya kau da busassun ganye da ƙafa don ya tsinci ƙwari.

Ga yadda mako guda a Seshel yake tafiya. Ka sauka a Mahé, babban tsibirin, inda Victoria babban birnin take. Tun a harabar masaukinka za ka ga ɗan tsuntsun nan mai lanƙwasasshen baki mai shan zaƙin fure, da wata tattabarar daji shuɗiya mai farin wuya da jan kai, pizon olande a bakinsu. Katiti, ɗan ƙaramin shaho mai cin ƙadangaru, yakan zauna a kan rufin gini. Biyu ne kawai ke neman ɗan ƙoƙari a Mahé. Ɗaya ƙaramin tsuntsu ne mai farin zobe a ido da ya rage a 'yan wurare kaɗan. Ɗayan kuma mujiya ce ta tsaunin Morne Seychellois, wadda suke kira syer, wato mai yankan katako, saboda kukanta kamar ana jan zarto. An taɓa ɗauka ta ƙare, sai aka sake ganinta wajajen 1960. Ita ma da mota ake hawa a tsaya a bakin titi bayan magariba. Daga nan jirgin ruwa na awa guda ya kai ka Praslin, inda kwarin Vallée de Mai yake, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihin duniya a 1983. A nan baƙin aku, kato nwar, tsuntsun da ƙasar ta ɗauka alamarta, yake rayuwa cikin wasu manyan itatuwa da ake kira koko dmer. Bahaushe in ya ɗaga kai ya ga ganyen zai ce ai giginya ce, kuma bai yi nisa da gaskiya ba, don dangi ɗaya suke da giginya da goruba, illa dai ƙwallon wannan ya fi na kowace bishiya girma a duniya, yakan haura kilo 15. Minti 15 a ruwa daga Praslin sai La Digue, tsibirin da keke ya fi mota yawa, inda vev yake, baƙi wuluk mai sheƙi da doguwar jela kamar an ɗaura masa ƙyalle. Sunan nasa na nufin matar da ke takaba. Cousin kuwa da safe ake zuwa a ranakun aiki, kuma jirginka ba zai taɓa gaɓa ba: ma'aikatan wurin ne za su ɗauke ka a nasu kwalekwalen mai inji, su taho da gudu su haye kan rairayi, duk don kada ɓera ya samu hanyar shiga.

Abin da Seshel take da shi wanda Sao Tome ba za ta iya ja da ita ba shi ne tsuntsayen teku. A tsibirin Bird, kimanin kilomita 100 arewa da Mahé, rabin awa a ƙaramin jirgi, golet, wasu tsuntsayen teku masu baƙin baya da farin ciki, sukan taru dubban ɗaruruwa daga Mayu zuwa Oktoba su yi ƙwai a ƙasa. Kukansu ba ya tsayawa dare da rana. Ga golan, fari fat mai manyan baƙaƙen idanu, wanda ba ya yin sheƙa sam: ƙwai ɗaya yake ajiyewa a kan tsurar reshe ya kwanta a kai, ɗan kuma in ya fito ya riƙe reshen da farce. Ga payanke mai doguwar farar jela da ke kwanciya a gindin bishiya kana wucewa ta gefensa. Firinsipe tana da nata taron a 'yan duwatsun Tinhosas, wanda babu kamarsa a mashigin Gini, amma zuwa can sai an yi hayar jirgin ruwa an yi sa'ar teku ta kwanta, kuma daga cikin jirgin ake kallo. Wanda zai ce maka ka je Aldabra, inda manyan kunkuru fiye da 100,000 suke tare da tsuntsu na ƙarshe marar tashi a tekun Indiya, ka tambaye shi ko shi zai biya. Ta fi kilomita 1,000 daga Mahé, kuma ba ta cikin lissafin hutun mai albashi.

Yanzu mu koma yamma. Kwana biyu na farko a Sao Tome ba su da wahala, kada a tsorata ka. Daga babban birnin mota za ta hau da kai ta tsohuwar gonar kofi ta Monte Café zuwa lambun Bom Sucesso, daga nan ka taka zuwa Lagoa Amélia, tsohon bakin dutse mai aman wuta da ciyawa ta rufe. A wannan hanya kaɗai, cikin hazo da sanyi, mutum kan ga fiye da goma daga cikin tsuntsayen da babu su a wani wuri. Akwai truqui, ɗan mitsitsi da ke tafa fikafikai a sama kamar mai kaɗa yatsu, wanda har cikin gari ana ganinsa. Akwai camussela, babban cikin masu saƙa sheƙa, wanda sheƙarsa ta kai ƙwallon ƙafa. Wani abin mamaki na tsibirin shi ne yadda ƙanana suka zama ƙatti, manya kuma suka ƙanƙance. Selelê-mangotchi, cikin dangin masu shan zaƙin fure, yana cikin mafiya girma a duniya. Galinhola kuwa, 'yar'uwar jinjimi, ita ce mafi ƙanƙanta a danginta.

Galinholar nan tana cikin ukun da ake zuwa Sao Tome dominsu, kuma a nan ne kowa ya ci zomo ya ci gudu. Sai an gangara kudu, an ratsa wata babbar gonar kwakwar manja, an bar mota, an hau tudun Monte Carmo da ƙafa tare da masu ɗaukar kaya, a kafa tanti a cikin daji kwana ɗaya ko biyu. Ƙasa santsi, saiwoyi sun sarƙe hanya, tufafi ba sa bushewa. Akwai kuma baƙar gamsheƙa da suke kira cobra-preta, wadda sai a 2017 masana suka tabbatar ita ma irin tsibirin ce ita kaɗai. Ba ta neman mutum da faɗa, amma ba a sa hannu a inda ido bai gani ba. Galinhola a ƙasa take kiwo, shiru, kuma mafarauta sun koya mata gudu. Na biyu shi ne picanço, mai baƙin baya da ruwan ɗorawa a ƙirji, wanda bayan 1928 ba a sake jin ɗuriyarsa ba sai 1990. Na uku, anjoló, shi ne abin alfaharin duk wanda ya gan shi. An san shi ne ta gawarwaki uku da aka tara a ƙarshen ƙarni na 19, daga nan ya ɓace shekara ɗari, sai a 1991 aka sake ganinsa. Bincike ya nuna kanari ne, ɗan'uwan wanda ake sawa a keji a kasuwanninmu, sai dai ya fi kowane kanari girma a duniya, da baki mai kauri kamar na aku. Yana zama can ƙololuwar bishiya, launinsa ja-ja mai duhu, kuma ƙungiyoyi da dama sun hau sun sauko da jin kukansa kawai.

Firinsipe, minti 40 ko ƙasa da haka a ƙaramin jirgi, ita ce ladan wahalar. Mutanenta 'yan dubbai ne kawai, kuma UNESCO ta ayyana ta wurin kare halittu a 2012. Aku mai toka-toka da jar jela, irin wanda muka saba gani a ɗaure a ƙofar gidan masu hali, a nan garke-garke yake wucewa ta saman kai da yamma. Hotonsa ma na jikin tambarin ƙasar. Yawancin tsuntsayen tsibirin ana ganinsu a gefen hanya kusa da garin Santo António. Biyu ne suka ɓuya a dajin kudu, inda sai da kwalekwale da tanti. Ɗayansu wata ƙaramar mujiya ce da aka daɗe ana jin kukanta ba a san mai shi ba, sai a 2016 aka ɗauki hotonta, a 2022 aka yi mata suna a hukumance. Sunan da aka ba ta, bikegila, laƙabin wani mutumin tsibirin ne da a da sana'arsa hawa bishiya ya kwaso 'ya'yan aku, daga baya ya zama mai gadin gandun. Ka auna wannan: tsuntsu sabo fil ga ilimi, a shekarun nan namu, a tsibirin da ya fi kusa da Fatakwal fiye da yadda Kano take da Legas. Wanda ke son tarihi kuma sai ya leƙa gonar Sundy, inda masanin taurari Arthur Eddington ya ɗauki hoton kusufin rana na 29 ga Mayu 1919 wanda ya gaskata lissafin Einstein.

Maganar kusanci ta kawo mu ga abin haushi. Sao Tome maƙwabciyar Najeriya ce, har yarjejeniyar raba arzikin man teku suka yi a 2001, amma zuwa can ba kai tsaye ba ne. Jiragen da ke sauka ba su da yawa, galibi daga Lisbon, Luanda ko Libreville, kuma jadawalinsu na sauyawa, don haka sai ka bar kwana ɗaya ko biyu na ko-ta-kwana, musamman a hanyar Firinsipe inda ƙaramin jirgi ke cika da wuri. Seshel ta fi nisa nesa ba kusa ba, amma manyan jirage na zuwa ta Adis Ababa, Nairobi, Dubai da Doha. Sai dai mai fasfon Najeriya ya buɗe kunne: ko da yake ƙasar ba ta neman biza, tana buƙatar izinin shiga da ake cikewa ta intanet kafin tafiya, kuma a 2023 hukumominta sun taƙaita ba 'yan Najeriya masu zuwa hutu wannan izini. Kada ka biya kuɗin masauki ko na jirgi da ba a mayarwa sai izinin ya shigo hannunka. Mutumin Kumasi kuwa yana da tsohuwar alaƙa da wurin, don can Turawan Ingila suka kai Sarkin Asante Prempeh na ɗaya zaman gudun hijira daga 1900 zuwa 1924, can kuma Yaa Asantewaa, jarumar Asante da ta yaƙi Turawan, ta rasu a 1921. Duka ƙasashen biyu za su nemi katin rigakafin shawara daga wanda ya fito daga yankinmu. Zazzaɓin cizon sauro babu shi a Seshel. A Sao Tome ya ragu ƙwarai amma bai ƙare ba.

Kuɗi fa? Seshel an gina ta ne don masu amarci da attajirai, kuma farashin ya nuna haka. Ana iya rage zafin ta hanyar kama ɗaki mai kicin, hawa motar haya ta gwamnati, da sayen abinci a 'yan shagunan da ke zubawa a roba, amma kuɗin jirgin ruwa, kuɗin shiga kowane gandu da na kwana a tsibirin Bird ba su da makawa. A Sao Tome abinci da ƙananan masaukai sun fi sauƙi, kuɗin yana tafiya ne a hayar mota mai ƙarfi, mai jagora da masu ɗaukar kaya. Firinsipe ta rabu biyu, ko masaukan alfarma masu tsadar gaske ko ɗakuna masu sauƙi a cikin gari. Kuɗinsu, dobra, an ɗaure shi da yuro, kuma gara ka riƙe yuro a hannu da ka dogara da kati. Harshe ma abin dubawa ne. A Seshel Turancin Ingilishi da Faransanci duk na hukuma ne, don haka ɗan Kano da ɗan Maraɗi kowa zai yi ciniki da bakinsa. A Sao Tome Fotugis ake yi, Faransanci yakan ɗan taimaka, Ingilishi kuwa sai a manyan masaukai.

Musulmi tsiraru ne a duka wuraren. Victoria tana da masallacin Juma'a a tsakiyar gari da inda za ka samu naman halal. A Sao Tome ka ɗauka kifi ne abincinka, kuma ba za ka yi ƙorafi ba: calulu, miyar ganye da kuɓewa da manja da busasshen kifi, ba baƙuwa ba ce a harshen wanda ya taɓa cin abinci a kudancin Najeriya. Ka dai riƙa tambaya, don naman alade na shiga girki. A Seshel kuma in ka ga an rubuta sousouri a takardar abinci, jemage ne.

Lokacin zuwa bai zo ɗaya ba, ko da yake a takarda kamar ya zo. Ranin Sao Tome, gravana, daga Yuni ne zuwa Satumba, da wani ɗan gajere a Janairu. A waɗannan watanni ne hawan Monte Carmo yake yiwuwa ba tare da azaba ba, duk da cewa a kudu rani suna ne kawai. A Seshel watannin nan su ne na taron golet, amma su ne kuma na iskar kudu maso gabas, lokacin da teku ke tashi, jirgin Praslin ke juya ciki, sauka a Aride kuma ta kan gagara. Oktoba ta fi dacewa da can: iska ta lafa, sauran tsuntsayen teku ba su gama watsewa ba, baƙi daga arewa sun fara isowa.

In da iyali za ka tafi, ko gwiwa ta fara ba ka labari, ko hoto ne burinka, ko kuma wannan ne karo na farko da za ka rataya tabaron hangen nesa a wuya, Seshel ce taka, muddin izinin shiga ya samu. Uwargida da yara ba za su gaji ba, kai kuma za ka dawo da sha ɗaya ko sha biyu cikin sha biyu. Ni dai da za a ajiye min tikiti biyu, na Sao Tome zan ɗauka, kuma ba don yawan lissafin ba. A Cousin an riga an san kowane pi santez, da yawansu ma da zobe a ƙafa. A Monte Carmo kuwa mai jagoran da ya fi kowa sanin dajin ba zai iya yi maka alkawarin anjoló ba. In ka zaɓi nan, kada ka ba shi ƙasa da kwana goma: biyu a tsaunin Bom Sucesso, uku a kudu da kwana biyu a tanti, uku a Firinsipe, sauran na jiran jirgi. Ka nemi mai jagora tun kana gida, don waɗanda suka san kukan galinhola ba su da yawa kuma a watan Yuli da Agusta an riga an kama su. Takalmin roba mai tsawo ka saya a can kasuwar birnin, ya fi duk wani mai tsada da za ka ɗauko, tabaronka kuma ka tabbata irin wanda ruwa ba ya shiga ne.